ARAHA BA TA ADO: Yadda Zaurukan Waya Suka Karya Darajar Kalmominmu

A wannan fitowar na ɗan ajiye alƙalamin ƙagaggen labari gefe guda, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san in ban amayar da ita ba ba zan samu sukuni ba. Maganar kuwa a kan ita kanta magana ce, wato kalmomin nan namu na yau da kullum da muka gada daga iyaye da kakanni, da irin riƙon sakainar kashin da muke yi musu tun da waya ta shigo hannunmu.

Duk wadda take riƙe da babbar waya ta san abin da ake kira zaure. Akwai zauren 'yan ajinmu, zauren dangi, zauren girke-girke, na gyaran jiki, na adashi, na amarya da ake buɗewa saboda anko, ga kuma zaurukan littattafai inda mu marubuta muke sakin labari shafi-shafi. Ni kaina ina cikin da yawa, don sana'ata ta sa dole. To a zaman da nake yi cikinsu ne na lura kalmomi sun yi araha, araha irin ta tumatir ranar da motoci suka cika kasuwa. Iyayenmu suna ba mu labari cewa lokacin da aka fito da naira da kwabo a 1973, kwabo kuɗi ne, yana sayen abu. Yau ko a ƙasa yaro ya gan shi ba zai sunkuya ba. To wannan hanyar da kwabo ya bi, ita kalmomi irin su ƙawa, aminiya, so, wallahi da Allah ya isa suka kama.

ƘAWA, AMINIYA DA BESTI

Bari mu fara da ƙawa. A da, ba kowace yarinya da kuka haɗu a rijiya ko a makarantar allo ba ce ƙawarki. Ƙawance abu ne da ake ƙullawa da sanin iyaye. Akwai wata dattijuwa Bahaushiya da ake kira Baba ta Karo, wadda wata Baturiyar Ingila mai suna Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 ta rubuta tarihin rayuwarta, aka buga littafin a 1954. A ciki Baba ta yi bayanin yadda mata ke ƙulla ƙawance da tsararsu, a yi musayar kyauta, in biki ko suna ya tashi a gidan ɗaya, ɗayar ta zo da gudummawa, ita ma ranar nata a rama mata. Har ta bambanta ƙawa da ƙanwar rana, wato ƙaramar da babba ta ɗauka tana kula da ita. Kun ga ke nan kowace dangantaka da sunanta, kowane suna kuma da nauyin da ya ɗora wa mai shi.

Aminiya kuwa ta fi ƙawa. Kalmar 'yar uwar amana ce, tushensu ɗaya a Larabci. Aminiya ita ce wadda za ki ba wa ajiyar sirrinki ki juya baya ki yi barci har da minshari. Tsofaffi kan ce mace ta yi sa'a in ta samu ɗaya tak a duk tsawon rayuwarta.

To yanzu fa? Yau a sa ki a zaure, gobe wata ta yaba hoton lallenki, jibi ta bi ki ta bayan fage ta ce, "Besti ya kike?" Kafin sati ya zagayo kun zama aminai, ba ki san gidansu ba, ba ki san sunan mahaifinta ba, kai wani lokacin ma ba ki da tabbacin mace ce ko gardi ne ya sa hoton fure.

Wannan abu kuwa yana da asali. Lokacin da Mark Zuckerberg da abokansa suka buɗe Facebook a 2004 a jami'ar Harvard ta Amurka, sunan da aka ba duk wanda kuka haɗa layi da shi shi ne aboki. Ba a ce wanda na sani ba, ba a ce maƙwabci ba, aboki kai tsaye. Kuma an ba kowa damar tara irin waɗannan abokai har 5,000. Shi kuma WhatsApp da ya fito a 2009, da zaurensa mutum 256 yake ɗauka, a 2022 aka faɗaɗa shi ya koma 1,024. Don Allah 'yar uwa, wane zauren gidan ne zai ɗauki mutum dubu, ko na sarki ne?

Wani masani ɗan Ingila mai suna Robin Dunbar ya daɗe yana bincike a kan yawan mutanen da ɗan Adam zai iya riƙe hulɗa ta gaskiya da su, ya ce ba su wuce kimanin 150 ba, kuma a cikinsu na jiki sosai kamar 5 ne kawai. A 2016 ya fitar da wani binciken a kan masu amfani da Facebook a ƙasarsu, inda ya samu cewa mutum yana da abokai wajen 150 a shafinsa, amma da aka tambaye su nawa za su iya dogara da su ranar da masifa ta auku, sai lissafin ya tsaya a kusan 4. Ni da na ji wannan dariya na yi, don kakata ba ta je jami'a ba amma ta riga shi faɗa: abokin cin mushe daban, abokin kuka daban.

Kada ku ɗauka wasa ne. Akwai wata yarinya a unguwarmu, ta gama sakandare ke nan aka sa mata rana. Ta haɗu da wata a zauren littattafai, suka shaƙu, kullum suna tare a waya har ƙarfe ɗayan dare, aminiyata kaza, aminiyata kaza. Wata rana zuciya ta ɗebe ta, ta yi wa aminiyar saƙon murya mai tsawo, ta faɗi cewa har yanzu tsohon saurayinta yana ranta, ta kuma ɗan taɓa uwar mijin da za ta aura da maganar da ba ta dace ba. Bayan wata biyu suka saɓa a kan kuɗin anko, naira dubu nawa ne ma. Sai aminiya ta ɗauki muryar nan ta watsa a zaure. Kafin la'asar ta isa wayar ƙanwar angon. Kafin sati ya cika an zo an karɓi kayan sa rana. Yarinyar nan ta yi wata guda ba ta leƙa ko ƙofar gida ba. Da mahaifiyarta ta tambaye ta, "Wai ita wannan ƙawar taki 'yar gidan wace ce, mu je mu same su?" sai ta yi shiru, domin ko garin da take ba ta da tabbas. Sunan aminiya ta ba ta, sai zuciyarta ta bi sunan ta miƙa mata amana. Da tun farko 'yar zaurenmu take kiranta, da harshenta bai saki haka ba.

SO, ƘAUNA DA JAN ZUCIYA

Mu marubutan soyayya kalmar so ce jarinmu, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo a nan. Hausa ba ta yi mana rowa ba ko kaɗan. Akwai sha'awa, wadda ido ke jawowa. Akwai so, wanda ke shiga zuciya. Akwai ƙauna, wadda ta haɗa da tausayi da jin ƙai, irin ta uwa da ɗanta ko ta ma'auratan da suka tsufa tare. Akwai bege, na wanda ba ya kusa. Akwai shauƙi, akwai kewa. Kowace da inda take zama. Yayyenmu suna ba mu labarin yadda saurayi zai yi wata shida yana zuwa zance bai iya buɗe baki ya ce yana so ba, sai dai ya rubuto wasiƙa, ya fesa mata turare, ya ba ƙanwar budurwa ta kai. Ita kuma ta ɓoye a ƙasan akwati tana karantawa har takardar ta yage a wajen ninki.

Yau duk an tattara waɗannan an cusa su cikin ɗan hoton jan zuciya guda ɗaya. Facebook ya kawo maɓallin yabawa a 2009, a 2016 ya ƙaro na zuciya da na dariya da na kuka da na fushi. Da yatsa ɗaya za ki so hoton jariri, ki so tallar atamfa, ki so kwanon dambun wata, duk a minti guda. Shi ma saurayin haka yake yi. Daren da ya samu lambarki, daren zai ce ba zai iya rayuwa babu ke ba, ke ce bebinsa, ke ce numfashinsa. Wallahi ƙanwata, in kika bincika, saƙon nan turawa ya yi, kuma ba ke kaɗai ya tura wa ba.

Abin da ke faruwa kuwa shi ne, in kalma ta yi araha dole a riƙa tara ta da yawa kafin ta sayi abu, kamar dai yadda ake cika jaka da kuɗi a je cefane. "Ina son ki" ta daina isa, sai an ce sosai da sosai, sai an ce kamar a mutu, sai an jera zukata goma. "Na yi dariya" ta daina isa, sai "na mutu", "kin kashe ni", "cikina ya ƙulle", alhali mai rubutawar tana kwance fuskarta a murtuke ko murmushi ba ta yi ba. To ranar da mai son ki na gaskiya ya zo, da wace kalma zai gaya miki, kuma ta yaya za ki bambanta shi da 'yan turawa?

HAJIYA, MALAMA DA ANTI

Laƙabi ma bai tsira ba. Hajiya a da sai wadda ta sauke farali. Malama sai wadda ta zauna gaban malamai ta sha karatu. Yanzu duk mai sayar da turaren wuta a waya Hajiya ce, duk mai haɗa maganin mata Malama ce ko ma Dakta, kuma 'yan mata suna saye suna ɗura wa cikinsu abin da ba su san da me aka haɗa ba, saboda kawai sunan da ta sa wa kanta. Ni nan da ban kai talatin ba, matan da suka haife ni suna ce mini Anti a zaure, har kunya ta kama ni. In kuna son ganin inda sakaci ke kai kalma, ku dubi aboki. Kalma ce mai daɗi a bakinmu, amma a wasu garuruwan kudancin ƙasar nan an yi ta kiran kowane ɗan Arewa mai facin takalmi ko mai tura baro da ita, har ta koma kamar ta raini, wanda aka kira da ita ma ransa ɓaci yake yi.

WALLAHI DA ALLAH YA ISA

Nan ne wurin da ya fi ba ni tsoro. Ku buɗe kowane zaure ku ƙirga wallahi nawa za ku gani kafin azahar. Wallahi atamfar nan ba ta zuba. Wallahi tallahi na tura kuɗin. Wallahi yanzu nake shirin kiran ki. Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu cewa akwai rantsuwar da ke suɓuce wa harshe ba da niyya ba, wadda aya ta 225 a Suratul Baƙara ta nuna ba a kama mutum da ita. Amma wadda aka ƙudurta a zuciya aka karya, aya ta 89 a Suratul Ma'ida ta faɗi kaffararta: ciyar da miskinai 10, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa, wanda bai samu iko ba ya yi azumin kwana 3. To ni tambayata ita ce, rantsuwar da kika zauna kika danna harafi bayan harafi, kika duba, sannan kika tura, ita ma suɓutar baki ce? Wannan sai ku kai wa malamanku, amma dai abin dubawa ne.

Sai Allah ya isa. Kakanninmu in suka ji an furta ta, jikinsu rawa yake yi, domin kai ƙara ce gaban Mai Sama, kuma sai wanda aka zalunta ya rasa yadda zai yi yake faɗinta. A nan dole in taɓa mu marubuta. Kun san yadda ake yi, littafi in na kuɗi ne sai mai karatu ta biya 'yan ɗaruruwan naira a sa ta a zaure na musamman. To sai ka ga a saman kowane shafi an rubuta Allah ya isa ga duk wadda ta fitar, ban yafe ba duniya da lahira. Gaskiya ne fitar da littafin mutum ba da izininsa ba zalunci ne, mu muka san daren da muke rabawa muna rubutu da kuɗin data da na caji. Amma da yake an maimaita kalmar har ta zama kamar adon shafi, masu fitarwar ko gezau ba sa yi, da Allah ya isan a jiki suke turawa. Wadda ta rubuta miki "ina ƙaunar ki fisabilillahi, Antina" da safe, ita ce za ta raba littafinki a zaure biyar da yamma.

Haka insha Allahu ta koma hanyar kuɓuta. In kika gayyaci 'yar zaure biki ta ce insha Allahu, to kada ki sa da ita a lissafin abinci. Ta'aziyya kuwa ta koma sitika. A sanar da rasuwar mahaifin wata, sai ki ga hoton innalillahi iri ɗaya ya jeru sau arba'in, bayan minti biyar wata ta saka tallar takalma, hira ta ci gaba. A cikin arba'in ɗin nan da wuya ki samu uku da za su saka hijabi su taka zuwa gidan makokin.

KALMOMIN DA KE YANKA

Bahaushe ya ce baki shi ke yanka wuya, to yanzu yatsa ya karɓi aikin. Da yake ba a ganin idon juna a waya, kunya ba ta samun wurin shiga. Abin da ba za ki iya faɗa wa mace a tsakar gidansu ba, sai ki rubuta mata shi gaban mutum ɗari biyar. Daga an ɗan saɓa sai munafuka, sai 'yar hassada, sai ɓarauniya, har da kalmar nan mai muni da ake jifan mace da ita a kan mutuncinta. Ƙannena, wannan ta ƙarshen sunanta ƙazafi, kuma aya ta 4 a Suratun Nur ta yanka wa mai yin sa ba tare da shaidu 4 ba bulala 80. Ta ɓangaren hukuma ma akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. A watan Nuwamba na 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu samari biyu 'yan TikTok hukuncin bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda ɓata suna a wani bidiyon barkwanci. Su a ganinsu raha suke yi.

Ga masu aure kuma, ko masu shirin yi, akwai kalmar saki. Hadisi ya zo a littattafan Abu Dawuda da Tirmizi cewa aure da saki da kome abubuwa ne da ba a wasa da su, ko da wasa aka furta sun zama gaske. Dama can mun san saki da takarda ake bayarwa, to saƙon waya ma ai rubutu ne. Amma sai ki ga amarya daga an yi 'yar hayaniya ta kama waya, "In ka haifu ka sake ni." Shi kuma da zuciya a kusa ya danna ya turo. Gari na wayewa a shiga neman malamin da zai ce bai saku ba. Abin da baki ya ɗaure, hannu ba ya kwancewa.

BA ZAMANI NAKE ZAGI BA

Kada wata ta ce Anti ta tsufa da wuri. Harshe dama tafiya yake yi, kuma Hausa ba ta taɓa ƙin baƙo ba. Littafi da alƙalami daga Larabci muka aro, mota da tebur daga Turanci. Ita kanta waya, da can zaren ƙarfe take nufi, yau ga ta a tafin hannu babu zare ko ɗaya. Zaure ma ɗakin ƙofar gida ne, muka ɗauke shi muka ba taron WhatsApp, kuma ya zauna daram. Wannan ƙaruwa ce. Hatta gajarce rubutu irin su slm, ykk, lfy da ngd yana da dalili, domin bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001, saƙon tes harafi 160 kawai yake ɗauka, in ya wuce a caje ki kuɗin biyu, dole aka koyi tsimi. Sai dai yanzu wannan dalilin ya kau, don haka sallama dai a daure a cika ta, kuma a kula kada hannu ya saba har ya kai ki ga rubuta ykk a takardar jarrabawar Hausa ta NECO.

Sabon abu ya samu sabon suna, wannan ba laifi. Abin da nake kuka da shi shi ne a ɗauki tsohuwar kalma mai nauyi a yi ta jan ta a ƙasa har ta lalace, alhali ba mu da wata da za mu maye gurbinta da ita.

Shawarata gare ku 'yan uwa ba ta da yawa. Ki kira kowa da sunan da ya dace da shi: 'yar zaurenmu, 'yar ajinmu, wadda muke gaisawa. Kalmar aminiya ki adana ta sai wadda kika san gidansu, iyayenki suka san ta, kuka ga daɗi da wuya tare. Duk abin da ba za ki so a karanta a gaban mahaifinki ba, kada ki rubuta shi, kada ki yi masa saƙon murya, ko wa za ki tura wa. In kin ce insha Allahu, ki sa niyyar zuwa a ranki, in ba za ki samu dama ba ki ce a yi miki uzuri. In maganarki gaskiya ce, ki faɗe ta ba rantsuwa, da sannu mutane za su gane cewa e ɗinki e ce. In kuma rai ya ɓaci, ki kife wayar ki tashi ki wanke kwanuka, in kin dawo za ki ga rabin abin da kika so rubutawa ya tafi da ruwan wanke-wanke. Saurayin da ya fara da ba zai iya rayuwa babu ke ba kuwa, ki ce masa madalla, ga hanyar gidanku nan, Baba yana zama a ƙofar gida bayan la'asar. A nan za ki gane nauyin kalmarsa.

A nan zan dakata sai kuma fitowa ta gaba in Allah ya kai mu, inda za mu ɗora daga inda muka tsaya a labarinmu. Wadda take da ƙorafi ko ƙarin bayani, ƙofa a buɗe take, ta rubuto ta hannun edita. Ina gaida dukkan ɗaliban makarantun 'yan mata da ke shirin jarrabawa, Allah ya ba da sa'a, ya kuma tsare mana harsunanmu da yatsunmu.

Taku har kullum.